Farin Jirgi: Haɗarin 1120 da Rikicin Gadon Sarautar Ingila

A daren 25 ga Nuwamba, 1120, wani jirgin ruwa da ake kira Farin Jirgi ya taso daga tashar Barfleur da ke gaɓar Normandi, a arewacin Faransa ta yau, zai ƙetara zuwa Ingila. Bai yi nisan da ya fi mil guda ba ya daki wani dutse da ruwa ya rufe, ya kife. Mutum wajen 300 ne a cikinsa, ɗaya tak ya fita da rai. Cikin waɗanda suka nutse har da William, ɗan shekara 17, wanda shi kaɗai ne ɗa namiji na aure ga Sarki Henry na Ɗaya, mai mulkin Ingila da Normandi.

Marubuta ba su gaji da wannan dare ba. 'Yan zuhudun zamanin sun rubuta shi, mawaƙan Ingila na ƙarni na 19 sun yi masa baitoci, masu ƙagaggun labarai sun gina littattafai a kansa, kuma a 2020, da abin ya cika shekara 900, Charles Spencer, ƙanin marigayiya Gimbiya Diana, ya fitar da littafi sukutum a kan jirgin. Yadda labarin ya fi yawo a bakin jama'a gajere ne: samari sun bugu, jirgi ya nutse, yarima ya mutu, Ingila ta faɗa yaƙin basasa na kusan shekara 20. Babu ƙarya a ciki, amma akwai tsallake. Daga nutsewar jirgin zuwa mutuwar Sarki Henry shekara 15 ce cif, kuma duk tsawon lokacin nan sarkin yana da lafiyarsa da dukiyarsa, babu wanda ya iya raba shi da karagarsa. Abin da ya yi da waɗannan shekaru, da abin da ya riga ya yi wa danginsa tun kafin haɗarin, su ne suka mai da mutuwar yaro ɗaya ta zama masifar ƙasa baki ɗaya.

Yadda magaji ya zama ɗaya tilo

Gidan sarautar Normandawa a Ingila sabo ne a lokacin. William Mai Nasara, mahaifin Henry, shi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. Da ya rasu a 1087 aka raba gado: babban ɗansa Robert ya sami Normandi, mai bi masa William Rufus ya sami Ingila, Henry ɗan auta kuwa sai tarin azurfa, babu ko taƙi na ƙasa. Babu wata tsayayyar doka da ta ce babban ɗa ne zai gaji sarauta. Wanda ya riga kowa isa baitulmali, ya kuma sami babban malamin coci ya shafe shi da mai ya ɗora masa kambi, shi ne sarki, kuma da zarar an shafe mutum to tuɓe shi ya zama babban aiki.

Henry ya fi kowa sanin wannan, domin ta nan ya bi. Ranar 2 ga Agusta, 1100, kibiya ta kashe William Rufus a wurin farauta. Henry yana cikin 'yan farautar. Bai tsaya makoki ba, ya sukwani doki zuwa Winchester ya kama baitulmali, ranar 5 ga wata aka naɗa shi a Westminster. Robert, wanda shi ne babba, yana kan hanyar dawowa daga yaƙin 'yan Salibiyya na farko. Kafin ya iso gida, an gama biki.

A cikin wannan shekarar Henry ya auri 'yar Sarkin Sikotlan, wadda ta wajen uwa jinin tsofaffin sarakunan Ingila ce, waɗanda Normandawa suka kawar. Ta haifa masa 'ya'ya biyu da suka rayu, Matilda a 1102, William a 1103. Darajar yaron ke nan: jinin masu ci da jinin waɗanda aka ci sun haɗu a jikinsa. Gara ma a gargaɗi mai karatu tun yanzu, sunan Matilda ya yi yawa a wannan gida. Uwar yarima Matilda, yayarsa Matilda, 'yar'uwarsa ta wajen uba Matilda, matarsa Matilda, kuma matar mutumin da zai ƙwace sarautar daga baya ita ma Matilda ce.

A 1106 Henry ya ci wansa Robert da yaƙi a Tinchebray, ya haɗe Normandi da Ingila, ya kulle wan nasa. Robert bai sake shaƙar iskar 'yanci ba har ya mutu a Cardiff a 1134, bayan shekara 28 a tsare. Sai dai ya bar ɗa, William Clito, wanda aka gudu da shi yana yaro, ya tashi a hannun maƙiyan baffansa. Duk wanda Henry ya ɓata wa rai a Normandi, da Sarkin Faransa Louis na Shida, sai su ɗaga sunan Clito su ce ga mai haƙƙi. Kuma ba su yi ƙarya ba: ɗan babban ɗa ne.

Shekara da shekaru Henry ya yi yana toshe wannan kafa. Ya sa manyan Normandi suka yi wa ɗansa mubaya'a a 1115, na Ingila a 1116. A 1119 ya aurar masa da 'yar Fulk, mai mulkin Anju, maƙwabci kuma tsohon abokin gaban Normandawa, ya kuma karya rundunar Louis a Brémule. A 1120 aka yi sulhu, Sarkin Faransa ya karɓi caffar yaron a matsayin mai Normandi, wato ya yi watsi da Clito. Komawar da za a yi daga Barfleur komawar nasara ce, bayan shekara huɗu sarki yana yaƙi a ƙetare.

Wani zai ce ai sarkin yana da wasu 'ya'yan. Ƙwarai kuwa, sama da 20, amma duk a waje ya haife su. A masarautunmu ɗan sa-ɗaka ɗa ne cikakke, yana gadon sarauta kamar ɗan matar aure. A can kuwa babu wannan matsayi, mace ɗaya ce ta aure, duk wanda aka haifa da wata to ɗan gaba da fatiha ne a idon coci. Shi kansa William Mai Nasara haka aka haife shi kuma ya gaji Normandi, amma zuwa zamanin jikokinsa coci ta tsananta, ƙofar ta rufe. Sarauniya kuma ta rasu a 1118. Saboda haka duk yaƙe-yaƙen nan, da aure, da rantsuwa, da sulhu, a kan ran mutum ɗaya aka jingina su.

Daren Barfleur

Mafi cikar bayani ya fito ne daga Orderic Vitalis, ɗan zuhudu a gidan ibada na Saint-Évroul a Normandi. A faɗarsa, sarki yana shirin tashi sai wani mai jirgi, Thomas ɗan Stephen, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa kyautar zinariya, ya ce mahaifinsa ne ya tuƙa William Mai Nasara lokacin da ya ƙetara cin Ingila, don haka yana roƙon a bar masa wannan girma na gado. Yana da jirgi mai kyau, shiryayye. Sarki ya ce ya riga ya zaɓi nasa jirgin ba zai sauya ba, amma ga 'ya'yansa da manyan matasan fada, ya ba shi amanarsu.

Matuƙa suka yi murna, suka roƙi yarima abin sha. Ya sa aka kawo musu manyan ganguna uku na giya. Aka sha, matuƙa da fasinja, har da sojojin da ke rakiya. Da limaman coci suka zo da ruwan tsarki don su sa wa jirgin albarka kamar yadda aka saba, aka kore su da dariya da zagi. Wasu da suka ga yadda jirgin ya cika da samari bugaggu suka sauka: 'yan zuhudu biyu, da William de Roumare, da Edward na Salisbury, da wasu kaɗan. Cikinsu har da Stephen na Blois, ɗan 'yar'uwar sarki, wanda Orderic ya ce gudawa ce ta dame shi.

Jirgin sarki ya riga ya tashi da iskar kudu a bayansa, teku kwance. Farin Jirgi bai tashi ba sai da dare ya yi sosai, da masu tuƙi 50. Fasinjoji suka matsa a wuce jirgin sarki, Thomas ya yi alkawari zai wuce kowa. Aka saki filafilai da ƙarfi, aka ɗaga tantin da ke kama iska ya tura jirgi, mai riƙe da akalar jirgin kuwa giya ta ɗauke masa hankali. Mashigar Barfleur tana da duwatsu da igiyar ruwa mai ƙarfi, akwai kuma wani dutse da ke fitowa idan ruwa ya janye ya ɓuya idan ya cika; al'adar wurin ta ce shi ne wanda ake kira Quillebœuf. Gefen hagu na jirgin ya dake shi, katako biyu suka fashe, jirgin ya juye.

Mutanen da ke bakin gaɓa sun ji ihu. Bishop ɗin Coutances yana tsaye a can, bayan ya rako ɗansa da ɗan'uwansa da 'ya'yan 'yan'uwansa uku zuwa jirgin. An ce waɗanda ke jirgin sarki ma sun ji wani sauti daga nesa, suka yi ta tambayar juna mene ne. Babu wanda ya gane sai washegari.

Wani marubucin zamanin, William na Malmesbury, shi ya kawo ɓangaren da ya fi taɓa zuciya. Ya ce an yi nasarar jefa yarima cikin ƙaramin kwalekwale, har an fara nisa da shi, sai ya ji kukan 'yar'uwarsa ta wajen uba, Matilda matar mai Perche, tana kiransa kada ya bar ta. Ya ce a koma. Da kwalekwalen ya matso, mutanen da ke cikin ruwa suka yi masa caa, kowa na neman hawa, ya nutse da su duka.

Mutum biyu suka kama sandar tanti: wani saurayi ɗan manya, Geoffrey na Laigle, da wani mahauci daga Rouen mai suna Berold. Orderic ya ce Thomas mai jirgi ya taso sama ya tambaye su ina ɗan sarki, da suka ce ya tafi, sai ya ce rayuwa ba ta da sauran amfani gare shi, ya saki jiki ya nutse. Sanyin ƙarshen Nuwamba ya ci ƙarfin Geoffrey kafin asuba, ya yi wa abokin wahalarsa addu'a ya sake. Berold, wanda shi ne mafi talauci a jirgin, yana sanye da rigar fatar rago, ita ta riƙe masa ɗumi har masunta uku suka tsamo shi da safe. Ya ƙara shekara 20 a duniya yana ba da labari.

Asarar ba ta tsaya kan yarima ba. Richard, wani ɗan sarki na waje da ya yi suna a yaƙin da aka gama, ya tafi. Richard mai Chester, ɗaya daga cikin manyan masu ƙasa a Ingila, ya tafi tare da matarsa, wadda 'yar'uwar Stephen ce uwa ɗaya uba ɗaya. Alƙalin sarki Geoffrey Ridel, da William Bigod na cikin manyan ma'aikatan fada, da jarumai kamar Ralph Ja, da mata 18 'ya'yan manyan gidaje, duk sun tafi. Dukiyar sarki da ke cikin jirgin an tsamo ta da ruwa ya janye. Gawawwaki kuwa kaɗan aka samu, ta yarima ba ta cikinsu.

Labari ya iso Ingila, fadawa suka yi ta kuka a ɓoye, aka rasa mai tunkarar sarki. Tsoron yana da dalili. Shekara guda kafin nan, Henry ya yarda aka ƙwaƙule idanun jikokinsa mata biyu, aka yanke musu kan hanci, don ramuwar abin da ubansu ya yi wa ɗan wani bawan sarki da aka ba shi jingina. Daga ƙarshe Theobald, wan Stephen, ya shirya wani ƙaramin yaro ya faɗi a gaban sarki yana kuka ya faɗa. Henry ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗauke shi zuwa ɗaki.

Wa ya gani, wa ya ji

A nan ne mai karanta tarihin da aka rubuta don jama'a ya kamata ya ɗan ja birki. Duk abin da ya faru bayan jirgin ya daki dutse, shaidarsa mutum ɗaya ne, wanda ke cikin ruwan sanyi, cikin duhu, yana fama da ransa, ɗaruruwan mutane na ihu kewaye da shi. Ta yaya ya ga kwalekwalen yarima ya tafi ya dawo? Ta yaya ya tantance muryar mace ɗaya? Orderic, wanda ya fi kowa ba da bayani dalla-dalla kuma ya san dangin mamatan da yawa, bai kawo maganar komawar yarima ba sam. Malmesbury ne ya kawo ta, shi kuwa yana rubutu ne 'yan shekaru bayan haɗarin, sarki na raye, kuma yana neman yardar 'ya'yan gidan. Wannan bai sa labarin ya zama ƙarya ba. Amma labari ne da uba mai makoki zai so ya ji, kuma ya dace a faɗe shi da sunan mai shi.

Shi ma Orderic ba a wurin yake ba, kuma ya rubuta nasa bayan shekaru da dama. Ya ce akwai farin wata a daren, alhali lissafin masana taurari na yanzu ya nuna kwanakin jinjirin wata ne, dare baƙi ƙirin. Korar limamai da shan giya ma suna da aikin da suke yi a rubutunsa: ɗan zuhudu ne, kuma a wurinsa babu masifar da ke sauka ba tare da zunubi ya kira ta ba. Wani malamin coci marubuci, Henry na Huntingdon, ya fi shi zafi, ya ce alfasha ce ta yi yawa a cikin matasan fadar shi ya sa teku ta haɗiye su, ya kuma yi ta jaddada yadda kan da aka shirya wa kambin zinariya ya ƙare a kan duwatsu. Kowannensu wa'azi yake yi da gawar yaron. Zancen da ya shahara cewa sarki bai sake murmushi ba har ya mutu, daga baya ya bunƙasa, mawaƙa suka riƙe shi. Abin da takardu suka nuna shi ne, kafin wata uku ya yi sabuwar amarya.

Sai zancen maƙarƙashiya, wanda ya sami kasuwa a ƙarshen ƙarni na 20, a ƙagaggen labari da kuma rubutun wasu masana. Hujjar ita ce wa ya ci riba: Stephen ya sauka daga jirgi, daga baya ya zama sarki, Ranulf le Meschin ya gaji ƙasar Chester. A ganina wannan karatun tarihi ne daga ƙarshe zuwa farko. A 1120 Stephen ba ya ko kusa da layin gado. Yana da yayye maza, Clito na raye, sarki na iya haihuwar wani ɗan, kuma 'yar'uwarsa tana cikin jirgin. Tuƙi da dare, a mashiga mai duwatsu, da gudu, da bugaggun matuƙa, ya isa ya kifar da jirgi ba sai an nemo wani dalili ba.

Shekara 15

A Janairun 1121 Henry, yana da shekara 50 da 'yan kai, ya auri Adeliza ta Louvain, budurwa. Ya riƙa yawo da ita duk inda ya je. Shiru. Mutumin da ya haifi sama da 20 bai sami ko ɗaya da ita ba, ita kuwa da ta sake aure bayan rasuwarsa ta haifi 'ya'ya da yawa.

Sulhun da aka ɗinka ya fara warwarewa nan da nan. Fulk na Anju ya nemi a mayar masa da abin da ya ba 'yarsa na aure, aka hana shi, sai ya ɗauki wata 'yar tasa ya ba Clito. Tawaye ya tashi a Normandi a 1123, Henry ya murƙushe shi a 1124, ya kuma sa Fafaroma ya raba auren Clito da hujjar kusancin jini, alhali kusancin ɗaya ne da na auren ɗansa marigayi da yayar yarinyar.

Ga hanya mafi sauƙi a fili: Clito jikan William Mai Nasara ne ta wajen ɗa namiji, ɗan aure, jarumi, kuma manya da yawa suna son sa. Karɓarsa kuwa yana nufin Henry ya amsa cewa wan da ya kulle yana da gaskiya. Bai taɓa yarda ba. Clito ya sami sarautar Flanders a 1127, ya mutu a 1128 sakamakon rauni da ya ji a hannu wajen yaƙi, bai bar ɗa ba. Da mutuwarsa zuriyar Mai Nasara ta wajen maza 'yan aure ta zo ƙarshe, in ban da tsofaffi biyu, ɗaya a kan karaga ɗaya a kurkuku.

Kafin nan Henry ya juya ga 'yarsa. An kai Matilda Jamus tana shekara 8, ta auri Sarkin Sarakuna Henry na Biyar, ta saba da mulki har ta taɓa riƙe masa ƙasa a Italiya. Mijin ya rasu a 1125 ba su haihu ba, uban ya kira ta gida. A farkon Janairun 1127 ya tara manyan ƙasa suka rantse za su karɓe ta in ya mutu bai bar ɗa namiji ba. Kawunta David, Sarkin Sikotlan, yana cikin na gaba-gaba. Har gardama aka yi tsakanin Stephen da Robert na Gloucester, babban ɗan sarki na waje, kan wa zai riga wani rantsewa.

Sai sarki ya yi abin da ya raunana rantsuwar da hannunsa. A 1128 ya aurar da Matilda, mai shekara 26, ga Geoffrey ɗan Fulk na Anju, yaro ɗan shekara 14 zuwa 15, daga gidan da Normandawa suka tashi suna yaƙa. Bai shawarci yawancin manyan ba. Roger, bishop ɗin Salisbury, wanda shi ke tafiyar da gwamnatin Ingila, ya riƙa faɗa daga baya cewa shi ya rantse ne bisa sharaɗin ba za a aurar da ita waje ba sai da shawararsu. Ba a kuma fayyace matsayin mijin ba: sarki zai zama, ko mijin sarauniya kawai? Auren ma da ƙyar ya zauna, ta yi yaji mai tsawo kafin a mayar da ita. An sabunta rantsuwa a 1131, ta haifi ɗa namiji a 1133 aka sa masa sunan kakansa, Henry.

Abin da bai yi ba shi ya fi nauyi. Bai ba ta ƙasa a Ingila ba, bai sa ta cikin harkar mulki ba, bai bar ta ta tara mutanenta ba. Da ita da mijinta suka nemi ya miƙa musu kagarun kan iyakar Normandi, wato gidajen dutse masu ganuwa da aka yi alkawarinsu tun wajen aure, ya ƙi, yana tsoron kada su fi ƙarfinsa tun yana raye. Stephen kuwa, wanda ya tashi a fadarsa, sai ƙara masa ake yi. A 1125, shekara 5 bayan haɗarin, Henry ya aura masa magajiyar Boulogne, ƙasa mai tashar jiragen da ta fi kusa da Ingila, ga kuma filaye masu yawa a cikin Ingilar. Ƙanin Stephen ya sami babban gidan ibada na Glastonbury, a 1129 kuma aka ba shi kujerar bishop ta Winchester, garin da baitulmali yake. Masu ba da labari suna son cewa ciwon ciki ne ya ba Stephen sarauta. Ciwon ciki ya bar shi da rai ne kawai. Kayan aikin kawunsa ne ya ba shi.

Mako uku

Henry ya rasu ranar 1 ga Disamba, 1135, a Lyons-la-Forêt, bayan ya ci wani kifi mai kama da maciji da likitansa ya hana shi, in ji Huntingdon. Ya mutu yana cikin rigima da 'yarsa da surukinsa, waɗanda ke goyon bayan masu yi masa tawaye a kudancin Normandi. Matilda tana can Anju da juna biyu. Manyan da ke wurin sun ɗau alkawarin ba za su rabu da gawar ba sai an binne ta, iska kuma ta hana ƙetarawa, suka maƙale a Normandi har sai Janairu aka kai shi Reading, gidan ibadar da ya kafa a 1121.

Stephen yana Boulogne. Ya shiga jirgi, mutanen Landan suka karɓe shi, ƙaninsa ya buɗe masa hanyar Winchester, Roger na Salisbury ya bi. Saura babban bishop na Canterbury, wanda rantsuwar 1127 ta tsaya masa a rai. Sai Hugh Bigod ya rantse cewa sarki a kan gadon mutuwarsa ya sauke wa mutane wannan alkawari. Shi Hugh ɗin nan ya sami matsayinsa ne saboda wansa William ya nutse a Farin Jirgi. Ranar 22 ga Disamba aka naɗa Stephen. Manyan Normandi suna tsakiyar shawarar ba Theobald sarauta sai ga manzo da labarin cewa ƙaninsa ya riga shi; da yake suna da filaye a ɓangarorin teku biyu kuma ba sa son iyayen gida biyu, suka bi. Fafaroma ya amince. Hanyar da Henry ya bi a 1100 ita aka bi aka tsallake 'yarsa.

Yaƙin bai kankama ba sai da Robert na Gloucester ya janye biyayyarsa a 1138, Matilda ta sauka Ingila a 1139. A Fabrairun 1141 aka kama Stephen a yaƙin Lincoln, rikicin da ya samo asali daga kagarar garin da Ranulf mai Chester, ɗan wanda ya gaji mamacin jirgi, ya ƙwace tare da ɗan'uwansa William de Roumare, wanda ya sauka daga jirgin a wancan dare. Matilda ta zo dab da naɗi, mutanen Landan suka kore ta a watan Yuni bayan ta nemi kuɗi mai yawa daga gare su. Marubutan zamanin sun zarge ta da girman kai, halin da a wurin ubanta suka kira kwarjini. Matar Stephen ta tara runduna, aka kama Robert, aka yi musayar fursunoni, aka koma gidan jiya. A ƙarshen 1142 Matilda ta sulale daga Oxford da ke kewaye, cikin dusar ƙanƙara, sanye da fararen kaya. Mijinta ya gama cin Normandi a 1144. Talakawa ne suka sha wuyar: wani ɗan zuhudu na Peterborough ya rubuta yadda masu kagara ke kama mutane suna azabtar da su don kuɗi, har jama'a na cewa Almasihu da waliyyansa barci suke.

Stephen ya nemi a naɗa ɗansa Eustace tun yana raye, coci ta ƙi. Eustace ya mutu a Agustan 1153, manya kuma sun gaji da yaƙi, suka ƙi gwabzawa. A Nuwamba aka yi sulhu a Winchester: Stephen zai ci gaba da sarauta har mutuwarsa, ɗan Matilda ya gaje shi. Bai cika shekara ba ya rasu, ranar 25 ga Oktoba, 1154, aka naɗa Henry na Biyu ranar 19 ga Disamba. Matilda ta zauna a Rouen tana ba ɗanta shawara har ta rasu a 1167. Shi kuma, da ya ga abin da rantsuwa ta haifar, a 1170 ya sa aka naɗa babba cikin 'ya'yansa maza da suka rayu sarki tun shi uban yana raye, amma bai ba shi ƙasar da zai mulka ba. Yaron ya yi masa tawaye a 1173, ya rasu a 1183, shekara 6 kafin uban.